Maɗorin Alluna

A Midigama aka yanke cibiyata,
inda kwakwa ke sunkuya wa teku kamar mai bin bashi.
Ubana masuncin kan sanda ne:
ya kafa itace cikin ruwa, ya hau, ya yi shiru,
ya sauko da hantsi da kifi bakwai, ran sa'a tara.

Yau ƙanena Sarath ke kan sandar.
Zarensa ba ƙugiya.
Baƙi su ɗauki hoto, su miƙa takarda,
ya sauko hannu ba ƙarni,
ya ce kifin zamani a aljihun baƙo yake iyo.

Ni kuwa ɗori nake yi, ba na ƙashi ba.
Alluna ake kawo mini, na hawan raƙuman ruwa,
wanda ya tsage a hanci, wanda ya rabe biyu.
In shafa danƙo, in goge, in hura,
farin gari ya hau gira, in tsufa kafin azahar.
Daga ciwon nake gane wurin:
ƙarzuwa doguwa, duwatsun Malalaciyar Hagu ne,
karaya a tsakiya, an yi wa teku gardama.

Daga Nuwamba kudu ke ado.
Ruwa garau, iska na kwana har ƙarfe goma.
Baƙi su zo fari fat, su koma ja kamar jatan lande,
ɗakin da kakata ta mutu ciki
ya sami fanka, ya sami lamba a ƙofa.

Sai Mayu. Iska ta juya baya,
teku ya dama kansa kamar kunu,
kujerun shaguna su kwana ƙafa sama.
In ɗaure kayana kan keke mai ƙafa uku,
ni da 'yata Dulanjali mu ratsa tsibirin.
A dajin Lahugala giwa ta taɓa tsare mu
awa guda cur, tana cin ciyawa a nutse.
Ita ba ta da kakar da take bi.

A Arugam, Lafir na jirana bayan shagon shayi.
Ya share rumfar, ya ce na rame,
na ce shi ma bai ƙaru ba.
Shekara goma sha ɗaya ba mu sake gaisuwa ba.
Shi ya tafi masallaci, ni in kunna turare,
mu haɗu kan gurasar kwakwa da yaji.

Nan raƙumin dama yake kwanciya,
dogo, mai haƙuri, tun daga kan tsauni.
Su yi layi a kansa kamar ranar rabon albashi,
a Gonar Gyaɗa, a Dutsen Giwa,
masunta na tura kwalekwale ta tsakaninsu,
ana zagi da harsuna biyar.

Wata Bajamushiya ta bar allo bara,
ya karye, ta ce in ƙone.
Na ɗora shi dare uku.
Dulanjali ke fita da shi kafin tsuntsaye,
kafin masu kuɗi su murtsuke ido.
Uwarta ba ta sani ba. Rana ce za ta tona,
don yarinyar sai duhu take ƙarawa.

Ni ban taɓa hawa ba.
Na ga shekarar da teku ya ja baya
ya dawo ya shiga gari ba sallama.
Tun ranar iyakata gwiwa.

Amma ina tsayawa da shayi yana hucewa,
in ga ɗigo baƙi can ya miƙe tsaye,
ya karkata, ya ɓace cikin kumfa,
in ƙirga: ɗaya, biyu, uku,
huɗu,
sai ga kai ya ɓullo.

Oktoba na tafe. Lafir ya fara kirga bashi.
Ɗorin dai ya riƙe.